Malami Kafin Na'ura: Yadda Za Mu Koyar da Ilimin Kwamfuta a Makarantunmu

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, malamin ilimin kwamfuta, ya gabatar a taron ƙara wa juna sani na malaman Gwandu da Kalgo da aka yi a Maruda.

  

Mai girma shugaban taro, shugabannin reshen Ƙungiyar Malamai ta Najeriya, iyayena shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai maza da mata, da iyayen yara da suka bar gonakinsu da sana'o'insu suka zo, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina yi wa waɗanda suka taso daga Dalijan da Kambaza da Malisa da Masama, da na Kalgo da Diggi, sannu da hanya. A cikin wannan zaure akwai waɗanda suka koya mini karatu da hannunsu, saboda haka ina neman afuwa tun daga farko. Ba ilimi ne ya tsayar da ni a gabanku ba, umarni ne, kuma bin na gaba bin Allah ne.

Zan fara da abin da ya faru da ni. Wata shekara na raka ɗalibaina zuwa cibiyar jarrabawar shiga jami'a. A cikinsu akwai wata yarinya wadda ba ta taɓa sauka daga na ɗaya zuwa na uku ba a ajinmu. Ta san ma'anar kwamfuta da ka, ta san rabe-rabenta, ta iya zana allon madannai da fensir har da sunan kowane maɓalli. Da ta fito daga ɗakin jarrabawa sai na ga idanunta sun yi ja. Na ce, "'Yata, lafiya?" Ta ce, "Malam, na san amsoshin, amma linzamin ya ƙi tsayawa inda nake so." Ranar ce rana ta farko da hannunta ya taɓa kwamfuta. Ni ne na koya mata darasin shekara uku. A makarantar da nake a lokacin kuwa akwai kwamfutoci a cikin kwalayensu, an kulle su a sito don kada yara su lalata. Ban ɗora wa kowa laifi ba sai kaina, domin na ga kwalayen, na kuma yi shiru.

Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. A 2024 hukumar WAEC ta fara gwada haka ga masu rubuta jarrabawa a ƙashin kansu. Mu kanmu malamai, jarrabawar ƙwarewa ta hukumar TRCN a kan kwamfuta ake yin ta. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi nan a kan hanyar Kalgo, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru. Duk ƙofofin nan a kusa da mu suke, amma makullinsu yana ɗaure a jikin linzamin da ya gagari ɗalibata. Wannan shi ne abin da ya tara mu.

Abubuwa uku da muke cakuɗawa

A cikin darasin da jadawali ya kira kwamfuta akwai abubuwa uku, kuma rashin bambance su shi ne tushen matsalarmu. Na farko, iya sarrafa na'ura: kunnawa, kashewa, buga rubutu, adana aiki, aika saƙo. Na biyu, ilimin kwamfuta kansa, wato sanin yadda ake warware matsala ta hanyar tsararrun matakai, da yadda ake mayar da rubutu da hoto da murya su zama lambobi, da yadda ake rubuta umarnin da na'ura za ta bi. Na uku, ladabin amfani da ita: tsare sirri, tantance labari kafin a yaɗa shi, gane ɗan damfara.

Na farko yana buƙatar na'ura, babu makawa. Ba a koyon iyo a kan tudu. Na biyu da na uku kuwa, mafi yawansu ana iya dasa su da alli da allo da tsakuwa. Abin takaici, mu mun ɗauki hanya ta huɗu wadda ba ta cikin ukun nan: mu cika allo da ma'anoni, yara su kwafa, su haddace, su zuba mana a takardar jarrabawa, mu ba su maki. Yaron bai taɓa na'ura ba, bai kuma koyi tunani ba. An yi ba a yi ba.

Ba mu kaɗai muka faɗa wannan rami ba. A Ingila, a 2012, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasar ta fitar da rahoto cewa darasin da ake yi a makarantunsu ya taƙaita ga koyon amfani da manhajojin ofis, kuma malaman da suka ƙware a fannin sun yi ƙaranci. A 2014 suka sauya tsarin karatun, suka sa yara 'yan shekara biyar su fara koyon tsara matakai. Ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ke nan, amma ta gane cewa cika ɗaki da na'urori bai wadatar ba.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne

Wasu iyaye suna kallon darasin nan a matsayin kayan Turawa. Ya kamata mu iya ba su amsa. Kalmar da masana kwamfuta na duniya suke kiran tsararrun matakai da ita, wato algoridim, an samo ta ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, malamin lissafi da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9. Daga sunan littafinsa kuma aka samo kalmar aljabra, kuma wani babban ɓangare na littafin a kan lissafin gado da wasiyya yake. Duk wanda ya zauna a gaban malami ana rabon gado ya ga algoridim da idonsa: a fara da hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sai masu ƙayyadadden rabo, sai asaba. Idan aka sauya jerin, sakamako ya ɓaci.

A ƙasar Hausa ma muna da namu. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a 1732 a kan hanyoyin gina hatimin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Masu tarihin lissafi har yau suna ambatonsa. Mu kuma da muke zaune a ƙasar Gwandu, muna maƙwabtaka da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya tsara ƙa'idojin nahawu da sarfu a cikin littattafansa, ya kuma rubuta Ida'un Nusukh don ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. Ku lura, malamansa ya lissafa. Bai lissafa alƙaluma da tawada ba.

Darussa huɗu da ba sa buƙatar wuta

A shekarun 1990 wani malamin jami'a a ƙasar Niyu Zilan, Tim Bell, tare da abokan aikinsa, suka tattara wasannin koyar da ilimin kwamfuta ba tare da na'ura ba, kuma ana amfani da su a ƙasashe da yawa. Na gwada irinsu a ajina, na sa musu rigar gida. Ga huɗu daga ciki.

Na farko, ƙirgen kwamfuta. Ka yanka kwali biyar. A na farko ka ɗiga ɗigo 1, na biyu 2, na uku 4, na huɗu 8, na biyar 16. Ka fito da yara biyar su tsaya a gaban aji, mai 16 a hagu, mai 1 a dama. Dokar ita ce, kowane kwali ko dai a nuna fuskarsa ko a juya bayansa. Ka ce wa aji, "Ku nuna mini 13." Za su yi gardama, su gwada, daga bisani su gane cewa sai mai 8 da mai 4 da mai 1 sun nuna fuska, sauran su juya. Sai ka rubuta 1 a madadin wanda ya nuna, 0 a madadin wanda ya juya: 01101. Ka tambaye su lamba mafi girma da yara biyar za su iya nunawa. Za su samo 31. Ka tambaye su ɗigo nawa za a sa wa yaro na shida. Wani zai ɗaga hannu ya ce 32. A wannan lokacin yaron ya fahimci abin da ke cikin kowace waya da kowace kwamfuta a duniya, domin duk abin da suke adanawa da kunne da kashe ne.

Na biyu, nema cikin hikima. Ka ce wa yaro ya riƙe lamba a zuciyarsa tsakanin 1 da 100, kai kuma za ka gano ta da tambaya bakwai kacal. Ka fara da, "Ta fi 50?" Kowace amsa tana zubar da rabin abin da ya rage. Idan ka yi sau biyu ko uku za su ce Malam yana da asiri. Sai ka bar su su tono asirin da kansu. Sa'an nan ka gaya musu cewa da wannan dabara, tambaya 20 ta isa a gano lamba ɗaya a cikin miliyan. Daga nan ka ba su rajistar aji wadda aka jera bisa haruffa da wadda ba a jera ba, su nemo suna a kowacce, su ga dalilin da ya sa jeri yake da daraja.

Na uku, hatimi. Ka zana gida tara, uku-uku. Ka rubuta dokoki a gefen allo: a sa 1 a tsakiyar layin sama, kowace lamba ta gaba a hau sama ɗaya a matsa dama ɗaya, idan an fita daga zanen a shigo ta ɗaya gefen, idan gidan da aka nufa da mai shi, a sauko ƙasan lambar da aka rubuta yanzu. Yaron da ya bi dokokin ba tare da ya tsallake ba zai sami 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa, kuma ta kowace fuska ya tara zai sami 15. Sai ka ce su gwada dokokin nan a gida ashirin da biyar, su ga 65 tana fitowa. Darasin shi ne, matakai ƙalilan idan an tsara su daidai suna warware ƙaramar matsala da babba.

Na huɗu, wanda yara suka fi so. Ka zana gidaje a ƙasa kamar na dara, ka ajiye tsakuwa a wani gida. Yaro ɗaya ya zama na'ura, ba ya jin komai sai umarni uku: taka gaba, juya dama, juya hagu. Sauran su rubuta umarnin gaba ɗaya a takarda kafin ya motsa. Zai bi abin da aka rubuta, ya je ya yi karo da bango, aji ya fashe da dariya. Kada ka gyara musu. Ka ce, "A wane layi kuskuren yake?" Neman kuskure da gyara shi rabin aikin mai rubuta manhaja ne. Wannan wasa jikan dabarar Seymour Papert ne, wanda shi da abokansa suka ƙirƙiro harshen Logo a 1967, inda yara suke ba wani ɗan kunkuru umarni yana zana musu siffofi.

A nan akwai gyaran da ya shafe mu. Mun saba ɗaukar kuskure a matsayin laifin da ake biya da bulala. A wannan fanni, yaron da yake tsoron kuskure ba zai taɓa rubuta umarni ko layi ɗaya ba. Sai mun ajiye bulala a bakin ƙofa kafin mu shiga wannan darasi.

Idan na'ura ta samu

A 2007 aka kawo ƙananan kwamfutoci na shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro zuwa wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, don gwaji. Ƙasar Peru ta rungumi shirin sosai, ta raba dubban ɗaruruwa. Da masana na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka auna a 2012, sai suka tarar yaran sun iya sarrafa na'urar, amma sakamakonsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. Ba a shirya malamai yadda ya kamata ba. Galma komai kyanta ba ta noma ita kaɗai.

Saboda haka idan makarantarka tana da kwamfuta ko guda uku ce, ga shawarata. A fito da su daga kwali. Wadda ta lalace a hannun yaro ta fi wadda ƙura da ɓera suka ci a sito. A raba aji rukuni-rukuni: wasu suna kan na'ura, wasu suna rubuta matakansu a takarda suna jiran layi, don kada wanda ya zauna ya ɓata lokaci yana tunanin abin da zai yi. A zaunar da yara biyu-biyu, ɗaya yana riƙe da linzami, ɗaya yana karanta umarni, bayan minti goma su yi musaya. A ajiye rajista, a tabbatar kowane yaro ya taɓa na'ura a kowane mako, domin idan aka bar abin sakaka, masu ƙarfi da 'ya'yan masu hali su ne za su mamaye. Akwai manhajar Scratch, wadda cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a 2007. Kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba, yaro yana harhaɗa umarni kamar tubali ya ƙirƙiri labari ko wasa. 'Yan babbar sakandare kuma a kai su ga harshen Python, a ba su aikin da suka sani: lissafin adashi, ko na buhunan shinkafar da fadama ta bayar da kuɗin taki da na fetur, su ga riba ko faɗuwa. 'Yan ajin ƙarshe kuwa, kada a kai kowa cibiyar jarrabawa sai ya zauna ya amsa tambayoyin gwaji a kan na'ura sau da yawa.

Game da harshe, ku yi bayani da Hausa har yaro ya gane, sa'an nan ku ba shi kalmar Ingilishi da zai tarar a jarrabawa. Gwajin da Farfesa Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da harshen uwa ba su koma baya ba, har ma a Ingilishin. Ku koya musu buga ɓ da ɗ da ƙ a waya da kwamfuta, su san cewa harshensu yana da gurbi a cikinta.

Game da 'yan mata, na lura idan aka kunna na'ura maza ne ke rugawa, mata su ja baya saboda kunya. Malami ne zai raba wannan. A ƙasar da Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, bai dace a ce 'ya mace tana leƙen ilimi ta bayan kafaɗar ɗan'uwanta ba.

Ladabi kuma kada a bar shi sai ƙarshen zango. Yaranmu suna riƙe wayoyin iyayensu, su ne ke karanta musu saƙon banki. Yaron da ya san cewa ba a ba kowa lambar sirri, ko da ya ce daga banki yake, ya tsare dukiyar gidansu. Wanda ya koyi tambayar wa ya faɗa, yaushe, ina hujja, kafin ya tura labari a WhatsApp ko Facebook, ya tsare zaman lafiyar garinsu. Wannan tantancewa ma gadonmu ce. Malaman hadisi ba su karɓi magana ba sai sun san wanda ya kawo ta.

Abin da ya rage gare mu

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: da yawa daga cikinmu an ba mu wannan darasi ne don babu wani, ba don mun karanta shi ba. Wannan ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mu shekara goma muna kwafe littafi ɗaya a allo. Ina roƙon reshe ya ɗauki abubuwa huɗu.

Na ɗaya, mu kafa zaman wata-wata na malaman kwamfuta na Gwandu da Kalgo, wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba, kowa ya zo da darasi ɗaya da ya gwada a aji. Wannan ba ya jiran kasafin kowa. Na biyu, shugabanninmu su nemi haɗin gwiwa da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da jami'o'in da ke kusa, domin horo a lokacin hutu, horo na hannu a kan na'ura, ba na zaman sauraro da karɓar takarda ba. Na uku, duk lokacin da hukumar ilimin bai-ɗaya ko wani mai taimako zai kawo kwamfutoci, mu nemi a haɗo da sola da batir, da wanda zai riƙa gyara, da horon malami. Idan babu waɗannan, kaya ne aka kawo mana ajiya. Na huɗu, makarantun da ke kusa da juna su yi tarayya a ɗakin kwamfuta ɗaya bisa jadawali, kwamitocin iyaye su taimaka da tsaro.

Ƙungiyarmu an kafa ta tun 1931, kuma ba a kan albashi kaɗai aka kafa ta ba, har da martabar aikin. A 2023 jihar Kebbi ta sami gwamna, Dakta Nasir Idris, wanda ya taɓa shugabantar wannan ƙungiya a matakin ƙasa. Wanda ya san zafin alli ba sai an yi masa dogon bayani ba. Amma kafin mu kai kuka sama, ya kamata a tarar mun fara abin da ke hannunmu, domin a lokacin ne maganarmu za ta yi nauyi.

Ga iyaye kuma, roƙona ƙarami ne. Idan yaro ya dawo yana jera tsakuwa yana cewa darasin kwamfuta ne, kada a ce Malam ya mayar da makaranta wurin wasa. A tambaye shi ya nuna 13 da kwali biyar.

Ɗalibar nan da na ba ku labarinta ta sake zama jarrabawar a shekara ta gaba, bayan mun buɗe kwalayen, ta kuma samu. Amma shekara guda ta tafi daga rayuwarta, kuma ba kowace yarinya ake bari ta jira shekara ba. Ranar Litinin idan mun koma aji, kwali da alli suna nan, kuma makullin sito yana hannun wani daga cikinmu da ke zaune a nan.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, iyayena malamai su gyara mini. Allah Ya sa albarka a cikin aikinmu, Ya shiryi 'ya'yanmu, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.